Sunan Ɗan Fari

A tashar Bodinga, shekarar da magani ya yi wuya a asibiti, wata malamar makaranta 'yar Zuru tana jiran motar garin Shagari, tana share hawaye. Wata tsohuwa mai sayar da albasa ta matso.

"Ɗiyata, mi ya faru?"

"Ƙyanda ta ɗauke mini ɗan fari, Inna."

"Allah shi ba ki haƙuri. Amma kukan ɗan fari cikin mutane? Haɗiye shi. Da nawa ya rasu, ko ɗigo ban zubar ba, don kunya."

"Mu Kirista ne, Inna. An koya mana Yesu ya yi kuka bakin kabarin amininsa, alhali ya san yanzu zai tashe shi."

"Ya sani, kuma ya yi kuka?"

"Tausayin masu makoki ya kama shi. Na san zan ga yarona ranar tashin matattu. Sai dai kafin nan, bayana da ya saba da goyo sanyi yake ji."

Tsohuwa ta jima tana juya albasa a hannu.

"Wa sunanai?"

"Iliya. Naki fa?"

Tsohuwa ta duba hagu da dama. Sunan da bai taɓa fita bakinta ba ya fito a hankali: "Attahiru."

Ta goge ido da bakin zane. "Albasar bana yaji gare ta."