Gwiwar Na Casa'in a Duniya

A ɗakin jiran likitan ƙashi, wani dattijo mai sanda ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa.

"Tanis kake kallo, samari? Wa zai ɗauki kofin?"

"Na ɗaya a duniya mana, Baba."

"Tsohon nan fa, da aka yi wa aikin gwiwa?"

"Haba! Ai ya gangaro na casa'in."

"Irin aikinsa za a yi min. Na ce wa likita sai ya ci wasansa na yau zan sa hannu a takardar aikin. Duba min."

Saurayin ya duba, ya ga an lallasa ɗan wasan mai gwiwar, ya kife wayar.

"Ba a tashi ba, Baba. Amma wallahi gwiwar lafiya lau take gudu. Je ka sa hannu."