Ranar da Latin ta kusa binne Malam Salihu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, mai unguwarmu, limamanmu, sabon kansilan da muka zaɓa da hannunmu, iyaye mata da ke can bayan rumfa, da ɗaukacin jama'ar Ƙofar Na'isa, ina gaishe ku. Ina godiya da kuka ba ni, Shehu, tsohon malamin makarantar koyon jinya, damar yin magana a ranar sake buɗe asibitin unguwarmu.

Yanzu da sojoji suka koma bariki, baki ya buɗe, har wasunku sun nemi a hana likitocin asibitin nan amfani da Latin, wato tsohon harshen Rumawa da ake kiran cututtuka da shi. Ban ga laifinku ba, domin duk kun san abin da ya sami maƙwabcina, Malam Salihu tela.

An kwantar da shi a wani asibiti, cikinsa na murɗawa. Likitoci suka kewaye gadonsa, suka yi ƙasa da murya, suka ambaci wani dogon suna, suka wuce. To, mu a garin nan, in manya suka yi ƙasa da murya a kan mara lafiya, mun san ma'anarta. 'Yan'uwa suka ce a kai shi gida ya cika a ɗakinsa. Ya yafe wa kowa, ya ba yaron shagonsa keken ɗinkinsa. Matarsa Ladi ta same ni tana kuka, ta ce, "Malam, cutar fa ko suna ba ta da shi a Hausa." Wallahi hankalina ya tashi. Na tafi asibitin na tambaya, aka ce mini ai *hernia inguinalis* ce. Jama'a, ƙaba! Ƙabar da ake yi wa aiki tsakanin hantsi da azahar! Da mun ƙara kwana, da hanjin ya shaƙe. Muka mayar da shi, aka yi aiki, ya tashi.

To ga ra'ayina. Na farko, kada a kori Latin. Da ita likitan Kano da na Makka ke fahimtar juna in alhajinmu ya kwanta a can. Mu kuwa, cututtuka nawa muke tarawa mu kira su ciwon ciki? Ita tana bambance su ɗaya bayan ɗaya, kuma 'ya'yanmu za su ci gaba da koyonta har ranar da muka zauna muka raɗa wa kowace cuta sunanta na Hausa.

Na biyu, Latin ta likita ce da ɗan'uwansa likita, amma jikin na mara lafiya ne. Alhamdu lillahi, likitocinmu sun yi alkawari yau cewa ba wanda zai bar bakin gado sai ya juyo ya ce, "Baba, ga abin da ke damunka, ga kuma abin da za mu yi." Da na ji wannan, sai da na yi ajiyar zuciya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa likitocinmu jagora, ya dawwamar mana da zaman lafiya. Malam Salihu kuma, ga shi can a sahun gaba yana dariya, Allah ya sa yaron shagon nan nasa ya dawo masa da kekensa, domin rigata ta Sallah tana wurin Malam ba a ɗinka ba.

Na gode.