Ba Giya Ce Ta Kayar Da Ni Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe raina har yau.

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Lahadi na faɗi a gaban majami'a, farantin baiko a hannuna. Fasto yana kan bagade. Dattijo Markus, sakataren ikilisiya, yana kujerar dattawa. Matata Saratu tana cikin mawaƙan zumuntar mata. Sauran kuwa ku ne, masu karanta wannan shaida. Kun ga faɗuwata, kun kuma ji abin da aka ce a kaina. Yanzu sai ku ji nawa, kuma zan bi shi daki-daki.

Sunana Iliya. Ni kuku ne a gidan wani Alhaji ɗan kwangila a Nasarawa Jiyare, unguwar masu kuɗi. Kafin nan soja ne ni. Kowa ya san na sha burkutu a bariki, ban taɓa ɓoye wannan ba. Ranar da aka yi mini baftisma na faɗa da bakina a gabanku, kuma tun daga ranar ko ɗigo bai taɓa harshena ba.

Da na farfaɗo a ƙasa ranar nan, abu na farko da na gani shi ne fuskar Dattijo Markus dab da tawa. Ba ruwa ya kawo mini ba. Shinshina bakina yake yi!

Ya miƙe ya ce, “Kanumfari yake taunawa. Mun san dabarar.”

Kanumfari! Haƙorina ke ciwo, shi ya sa nake sa shi a kunci. Saratu ta faɗa masa haka tana kuka. Ya ce mata, “Mama, ki yi shiru. Mace ba ta tona asirin mijinta, mun sani.”

Lahadin da ta biyo baya ya tashi bayan wa'azi ya karanta sanarwa da babbar murya: an sa ɗan'uwa Iliya ƙarƙashin horo saboda ya koma wa shaye-shaye. Ba zan ci Jibin Ubangiji ba. Ba zan taɓa farantin baiko ba. Wurin zamana bencin baya, kusa da ƙofa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina ciwo. Ko mutum ɗaya!

To, ga yadda abin ya faro.

Kun san yadda Jiyare ta zama tun da kuɗin mai ya shigo. Gidan da a da ake girka wa mutum shida abinci, yanzu kullum baƙi, kullum liyafa. Daga sallar asuba ta mai gida har yamma ina tsaye a gaban murhu. Kaina ya fara sarawa. Wata rana Alhaji ya gan ni na ɗaure kai da tsumma.

Ya ce, “Iliya, lafiya?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, kai ne kawai. Zafin kicin ne.”

Ya ce, “Wane zafin kicin? Hawan jini ne, irin nawa sak. Tsaya.”

Duk wanda ke aiki a manyan gidajen nan ya san al'adar. Idan mai gida ya dawo daga ganin likita a Landan, sai a buɗe akwatuna. Direba ya samu takalmi, maigadi ya samu tsohuwar riga, ragowar magungunan wancan zuwan kuma a raba wa duk wanda ya ce wash. Alhaji ya fito da kwalba ya damƙa mini da hannunsa. Ya ce, “Wannan babban likita ne ya rubuta shi. Ko a asibitin gwamnati ba za ka same shi ba.”

Na durƙusa na yi godiya. Wa zai mayar wa ubangidansa kyauta? Kowace safiya in na kai masa shayi sai ya ce, “Ka sha?” In ce na sha.

Ciwon kai bai tafi ba. Sai ga jiri. In na tashi daga tsugune, duniya ta yi duhu. Hawa matakalar bene da tire ya zama mini kamar ɗaukar buhun siminti, ni da na yi gudu da kaya a baya a soja. Na gaya wa Alhaji. Ya ce, “Alamar jinin ya yi ƙarfi ke nan. Ni ma da aka ga haka ƙara mini aka yi. Riƙa shan biyu.” Na riƙa shan biyu. Tafiyata ta koma tangaɗi. Shi ne tangaɗin da wasunku suka gani a hanyar Badawa suka kai wa dattawa labari.

Bayan sanarwar horon nan, na zauna a bencin baya. Mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya suka riƙa wuce ni suna kallon silin. Wata 'yar'uwa ta tare Saratu a kasuwa ta ce, “Muna yi miki addu'a, Allah ya raba shi da kwalba.” Ashe gaskiya ta faɗa ba ta sani ba. Kwalba ce, amma ba irin wadda take nufi ba.

Wata Lahadi da la'asar, bayan an ci Jibi ina kallo daga nesa, muka koma ɗakinmu na ma'aikata a ƙarshen gidan Alhaji. Na kwanta a tabarma, ƙafafuna sun yi sanyi. Saratu ta durƙusa za ta yi addu'a, kuka ya ci ƙarfinta, ta kifa kanta a ƙirjina. Can sai ta kasa kunne.

Ta ce, “Baban Ladi, zuciyarka tana tsayawa ta huta kafin ta sake bugawa.”

Na ce, “Zuciyar soja ce. Tun a bariki likita ya ce tawa ba ta sauri, kuma ya ce alamar ƙarfi ce.”

Ta ce, “Shekara nawa ina jin zuciyar nan? Wannan ba ita ba ce.”

A nan na yi addu'a, kuma ba zan gyara ta don ta yi daɗin ji ba. Cikin fushi na yi ta. Na ce, “Ya Yesu, kai ka san ban sha ba. In lokacina ya yi, ga ni. Amma kada ka bari a binne ni da sunan mashayi, a riƙa nuna 'ya'yana da baki. Ka nuna abin da ke kashe ni!”

Ya ji. Haleluya, ya ji!

Washegari da hantsi ina soya albasa sai na ji ƙirjina ya matse, numfashi ya gagara. Ban san faɗuwata ba. Malam Garba direba ne ya tsince ni, kaina dab da tukunyar mai mai tafasa. Ya kinkime ni ya sa a mota. Saratu ta riga ta shiga, sai ta ce masa ya tsaya. Ta koma ɗaki da gudu.

Malam Garba ya yi ta danna ham yana cewa, “Maman Ladi, mutum na mutuwa kina neman mayafi?”

Ba mayafi ta koma ɗauka ba. Kwalbar ce. Daga baya na tambaye ta wa ya ce ta ɗauko. Ta ce ba kowa, ji ta yi kawai kamar an ja ta. Ni na san wanda ya ja ta.

A asibiti likita bai shinshina komai ba. Ya kama wuyan hannuna, ya dubi agogonsa. Ya sake kamawa. Ya ce bugun bai kai arba'in a minti ba. Saratu ta miƙa masa kwalbar. Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, “Wa ya ba shi wannan?”

Ga abin da ya bayyana mana, na kuma riƙe shi da kyau. Baligi idan yana zaune a huce, zuciyarsa takan buga sau sittin zuwa ɗari a minti. Wanda jikinsa ya saba da gudu da aikin ƙarfi, tasa takan yi ƙasa da sittin, kuma ba komai muddin yana jin ƙarfinsa. Likitan bariki bai yi ƙarya ba. Amma idan bugu ya yi ƙasa, ga jiri, ga kasala, ga suma, ko numfashi ya riƙa yankewa, ko ƙirji ya yi ciwo, to ba zancen ƙarfi ba ne, asibiti ake nufa nan take. Maganin Alhaji kuwa aikinsa ke nan, ya rage wa zuciya gudu. Shi yana bukatarsa. Ni ba ni da hawan jini ko kaɗan. An ɗauki zuciyar da dama a hankali take tafiya an taka mata birki, aka kuma ninka.

Suka kwantar da ni. Likita da kansa ya tsara yadda za a janye maganin, don ya ce irinsa ba a yanke shi yadda aka ga dama. Sannu a hankali duhun ya bar idona. Ranar da aka sallame ni da ƙafata na fito, miƙe kamar a fareti. Ciwon kan ma ashe haƙorin nan ne. An cire shi, an huta. Na gode wa Yesu! Na gode masa!

Yanzu ku ji abin da ya fi ƙona mini rai.

Alhaji ya zo asibiti. Mutum mai motoci, mai gidaje, ya tsaya a gefen gadon kukunsa ya ce, “Iliya, na so in taimake ka na kusa kashe ka. Ka yafe mini don Allah.” A gaban Malam Garba ya faɗa, a gaban masu jinya. Na yafe masa a take. Ya koma gida ya tara duk ragowar magungunan da ya raba wa ma'aikata.

Dattijo Markus fa? Na same shi bayan sujada na gaya masa duk abin da likita ya ce. Ya ce, “To, madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ka koma kujerarka kawai ranar Lahadi. Ba sai an tayar da magana ba.”

Na ce, “Baba, da ƙarfi ka karanta ta.”

Ya ce, “Iliya, ka cika taurin kai irin na soja. Dattawa ba sa cin gyara a gaban yara.”

Na ce, “Yaran nan a gabansu aka kira ni mashayi. Har da nawa a ciki.”

Shi ya sa har yanzu kuke ganina a bencin baya. Ba wanda ya hana ni tashi. Ni na ƙi.

Ku dogara ga Ubangiji, 'yan'uwa. Yana jin addu'a ko da mai yin ta yana huci. Ku da kuke aiki a Jiyare, na san akwai kwalaben Landan a ƙarƙashin matasan kanku. Ku kai su a duba, kada ku sha abin da aka rubuta wa jikin wani. In ɗan'uwa yana jiri yana faɗuwa, ku nemo mota kafin ku kira taron dattawa.

Roƙona kuma ga ku duka ne, ba ga dattawa kaɗai ba. Lahadi mai zuwa ranar Jibi ce. Zan zo da Saratu da 'ya'yana mu zauna a baya. In an gama wa'azi aka zo sanarwa ba a ambaci sunana ba, ina roƙon ɗaya daga cikinku ya miƙe tsaye ya tambaya da ƙarfi, “Ina maganar Iliya?” Kada ya zauna sai an ba shi amsa.