Gadon da Ya Kori Kaka

A rumfar mai gyaran kayan lantarki, wata mata riƙe da gadon jariri mai jijjiga kansa sai leƙen hanya take yi. Wani mutum mai jajayen idanu yana jira da irinsa a kwali.

"Baiwar Allah, naki ma ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. So nake mai gyara ya kashe min shi."

"Ya kashe? Tun da namu ya tsaya, kwana tara ni da 'yata ba mu rintsa ba!"

"Ni kuwa tun da mijina ya sayo wannan, ɗana ya daina neman bayan mahaifiyata. Jiya ta haɗa jakarta, wai inji ya karɓe mata aiki. Ita kaɗai ce fa a can gidanta."

"To ki ɓoye shi mana."

"Za ta gane. Sai ta danna da hannunta ta ga bai motsa ba za ta zauna."

"Mu yi musanya. Nawa ya mutu murus."

"Kai ba ka da mai goya maka ita?"

Ya sunkuya yana kwance igiyar kwalin.

"Da ina da ita, me zai kawo ni nan?"