Je Ka Ƙofa Ka Dawo

Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa, malamanmu, Mama matar marigayi, Baffa ƙaninsa, 'ya'yansa da jikokinsa, 'yan'uwana na ƙungiyar masu hannun jari, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo: assalamu alaikum. Sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana da yawun ƙungiya, wai don ni ce na fi kowa daɗewa ina gardama da shi. Na karɓa, amma kada wani ya zaci kuka kawai na zo yi. Akwai maganar da ke cina, kuma sai na faɗe ta.

Sunan nan da muke kiransa da shi, Baba Dakata, ba iyayensa suka sa masa ba. Dillalan hannun jari ne suka laƙa masa don tsiya, saboda duk abin da suka kawo masa da zafinsa, amsarsa ɗaya ce: "Dakata tukuna." Shi kuwa ya rungumi sunan, har ya fi su jin daɗinsa.

Ya kasance malamin makaranta, kuma ko da ya yi ritaya bai ajiye koyarwa ba, ɗalibai kawai ya canja. Ya tara mu a ajinsa na dā, masu ɗinki, direbobi, ma'aikatan jinya irina, muka cusa gwiwoyinmu a ƙarƙashin teburan yara. Abin da ya fara gaya mana shi ne, hannun jari ba lamba ba ce a fuskar waya. Yanki ne na injin da ke aiki da gumin mutane.

Ya kasance mai doka ɗaya, kuma kun san ta. Kafin ka saya, kafin ka sayar, je ka ƙofar kamfanin ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani. Shi kansa yakan tafi da 'yar kujerarsa ta naɗewa, ya zauna kusa da mai gadi, ya dubi motocin da ke fita: a danne suke da kaya ko suna tsalle a kan ramuka? Ya dubi fuskokin ma'aikata lokacin tashi. Ya sayi kayan ya kai gida. Mama shaida ce, ta yi wanki da sabulun da ba ta so ba don komai ba sai don Baba yana bincike.

Shekarar da farashin kamfanin sabulun nan ya rikito, na same shi a fusace. Na ce, "Baba, kuɗin makarantar 'ya'yana ne fa ke narkewa." Ya ce, "'Yata, kin je ƙofa?" Na ce ban je ba. Ya ce, "To mutane sun daina wanka ne?" Na tafi ina ƙunƙuni, na tarar da layin motoci har bakin titi. Ban sayar ba. Da rabon ribar kamfanin nan 'ya'yana suka gama karatu.

Ya kasance mai haƙuri, amma masu cewa taurin kai ne ba su san shi ba. Akwai kamfanin fentin da kowa ke rububinsa, farashi na ta hawa. Baba ya je ƙofa, ya tarar ciyawa ta rufe wurin lodi, mai gadi na kukan albashi. Ya dawo ya ce mu fita. Aka yi mana dariya har a fuska. Yau a harabar wurin nan awaki ke kiwo.

Yanzu ga abin da ke cina. Tun rasuwarsa kasuwa ta sake faɗuwa, kuma wani dillali, ba zan nuna shi ba, ya san kansa, ya shiga gidan nan da sunan gaisuwa. Bai gama addu'a ba ya kawo maganar sayen hannun jarin marayu a farashin yau, wai taimako. A cikinmu ma akwai masu cewa a sayar da komai a watse, tunda mai riƙe da mu ya tafi. Muna jin su. Amsarmu ita ce, ba mu taru don fuskar Baba ba, mun taru ne a kan abin da ya koya mana, kuma wannan ba a binne shi tare da shi ba.

Baffa, mun san tsoro ne ya sa ka saurari dillalin nan, tsoron kada abin yaran yayanka ya salwanta a hannunka. Ba mu ga laifinka ba. Mama, dukiya taku ce, ba mai yanke muku hukunci. Ranar da kuka ga dalilin sayarwa, mu za mu raka ku. Amma ba za mu zuba ido a karɓe wahalar rayuwarsa a araha, don an ga idonku da hawaye ba.

Shekaranjiya babbar 'yarsa ta zo wurina, ɗauke da kujerar nan ta naɗewa, takalmanta duk ƙura. Ban aike ta ba, ba wanda ya aike ta. Ta ce, "Anti, na je ƙofa." Na ce, "Me kika gani?" Ta ce, "Motoci na fita a danne. Mai gadi ya tambaye ni ina Baba, ya kwana biyu bai zo ba." Nan muka zauna muka yi kukanmu. Da ta share ido ta ce, "Ki gaya musu mun dakata."

To na gaya muku. Ga kujerar nan a gaban teburin shugaba. Duk mai son sayarwa ya ɗauka, ya je ƙofa ya dawo, za mu saurare shi.

Mun gode muku da kuka zo. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya tsare iyalinsa daga masu gaggawa, Ya ba mu irin haƙurinsa. Amin.