Sati Shida na Burodi

A ɗakin jiran likita, wata mata ta zauna kusa da wani dattijo, tana fifita da takardar gwaji.

"Baba, ka ji wani abu! Wata uku na bar alkama, cikina ya lafa. Yanzu likita ya ce na yi gaggawa, wai gwaji ba zai nuna ciwon ba sai na koma cin burodi sati shida."

"Sati shida? Kullum? Kai, 'yata, kin more."

"Kumburin ciki ne morewa?"

"Na san shi sarai. Shekara talatin ina gasa burodi, bara aka tabbatar min alkama ce ke cin hanjina. Yanzu 'ya'yana ke kwaɓi, ni ina bakin ƙofa ina shaƙar ƙamshi."

"Ayya. Ai dai sana'ar tana nan."

"Tana nan. Amma da, tiren farko ba ya fita sai na gutsura na ɗanɗana. Yanzu in na tambaya ya gishiri, kowa sai ya ce daidai, Baba. Tausayina suke ji."

Ya karɓi takardarta, ya rubuta kwatancen gidan burodinsa a bayan takardar.

"Tunda dole ki ci, ki ci nawa. Ki je da safe yana da zafi, ki ce su ba ki na gefen tire, mai ɓawo. In ya lalace, kar ki ɓoye min."

"In kuma yana nan yadda ka bar shi fa?"

Dattijon ya haɗiyi yawu.

"To, sai ki ba ni labarinsa a hankali."