Abin da Ya Sa Gidajen Unguwarmu Suka Yi Kasuwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, ina koyarwa a wata Islamiyya a Birnin Kudu.

Unguwarmu a kan tudu take. Tun bara, duk gidan da aka sa a kasuwa nan da nan ake saye shi. Har dillali ya zo wajen maigidana yana neman namu. Maigida ya fara sha'awa, ni kuwa hankalina ya tashi, don a gidan na haifi 'ya'yana duka.

Ana cikin haka na shiga gaida sabuwar maƙwabciyarmu, Inna Talatu, wadda ta taso daga wani ƙauyen bakin kogi a Gwaram. Na tambaye ta me ya kawo su. Ta ce, "'Yar nan, ambaliya ce ta ishe mu. Bana ce damina ta farko da hadari ya haɗu ban ɗaure kayana ba."

Da na gaya wa maigida, ya ce, "Ashe abin da mutane ke nema muke zaune a kai." Sai ya ba dillali haƙuri.

Alhamdulillahi, muna nan a gidanmu. A gaishe mini da Inna Talatu, da 'yan uwanta da ta baro a bakin kogi. Allah ya sa su ga ƙarshen damina lafiya.